Zumuncin Nesa: Ina Saƙo Ya Isa, Ina Sai Ƙafa?

Da zarar an gama girbin hatsi an zuba damman gero a rumbu, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, sai ƙauyukan Madarumfa, a jihar Maraɗi ta Nijar, su fara raguwa da maza. Daga Gabi da Safo, daga Jiratawa da Sarkin Yamma da Ɗan Isa, samari da magidanta kan ɗaure komatsansu su nufi tasha. Wasu Katsina ce iyakarsu, wasu Kano ko Abuja ko Ikko. Wasu su yi Kwatano, Lome, Akra ko Abijan. Masu ƙarfin hali su hau motar Agadas, su ratsa Sahara zuwa Libiya ko Aljeriya. Al'adar biɗa ita ce a ci rani a can, a dawo kafin ruwan shuka.

Ba kowa ke dawowa ba. Akwai wanda rani ɗaya ya zame masa biyu, biyu suka zama goma. Ya kama rumfa a Ajame ta Abijan ko a Nima ta Akra, ya yi aure a can, ya haifi ƴaƴan da in suka gaida kakarsu ta salula da Hausar zango sai ta yi dariya ta ce a maimaita mata. Mutumin kirki ne. Kowane wata yana shiga Nita ko Al Izza ya turo kuɗi, da Sallah ya aiko da ɗinki, kowace Juma'a muryarsa na shigowa ta WhatsApp. Amma shekara bakwai ke nan mahaifiyarsa ba ta sa shi a ido ba. To, wannan mutum ya sada zumunci ne, ko ya yanke? Tsofaffi suna da amsarsu a shirye, zumunci a ƙafa yake. Yaran yanzu kuma suna cewa an yi karin maganar ne a zamanin da in ba ƙafa ba, babu abin da zai kai gaisuwa. Tambayar ba ta wasa ba ce, domin Alƙur'ani ya ɗora wa lamarin nauyi mai ban tsoro. Ayar farko ta Suratun Nisa'i ta haɗa tsoron Allah da kiyaye zumunta a wuri guda, Suratu Muhammad kuma, aya ta 22 da ta 23, ta jera yanke zumunci tare da ɓarna a ƙasa, ta ambaci la'ana a kansu. A Bukhari da Muslim akwai hadisin da ya nesanta mai yanke zumunci daga Aljanna. Duk wanda ya yi nisa da gida kuma yana da imani, dole ya so sanin a wane layi yake tsaye.

Mutanen wannan yanki ba yau suka fara rayuwa tsakanin gida biyu ba. Maraɗi kanta ƴan hijira ne suka raya ta. Bayan da masu jihadi suka karɓe Katsina wajen 1807, gidan sarautar da aka kora ya yi ta yawo a arewa har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819, kuma har yau sarautar garin ba ta bar sunan gidan da ta baro ba, Sarkin Katsina ake cewa. Daga baya Turawan Ingila da na Faransa suka ja iyaka a farkon ƙarni na 20, ta bi tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, ta raba gona da mai ita, ta raba wa da ƙane. Gulbin Maraɗi bai san da ita ba, daga Najeriya yake gangarowa kamar yadda ya saba. Aure ma bai sani ba. Da wuya a shiga gida a Madarumfa a rasa gwaggo a Jibiya ko kawu a Katsina.

Waɗanda suka yi nisa na gaske su ne fataken goro. Tun ƙarnoni da suka wuce ayari ke tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, tafiyar watanni, wasu su dawo, wasu su kafa zango su zauna a Salaga da Kumasi, daga baya a Akra, inda Malam Baƙo, wanda mahaifinsa mutumin Katsina ne, ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarnin da ya wuce. Abin da ke riƙe su da gida a lokacin shi ne takarda da bakin matafiyi. Malam zai rubuta wasiƙa da Larabci ko ajami, a naɗe ta a ba madugu, ta yi wata uku ko huɗu a hanya, in ta iso a nemi wani malamin ya karanta a zaure, maƙwabta na saurare. Buƙatar ta yi yawan da Alhaji Umaru na Karaci, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a ƙasar Gana a 1934, ya wallafa littafi sukutum kan yadda ake rubuta wasiƙa. Babban malami ne, mawaƙi, limami, amma bai ga koya wa mutane aika gaisuwa gida a matsayin ƙaramin aiki ba.

Ta gabas labarin ya fi ɗaci. Dubban mutane sun kama hanyar Makka da ƙafa, guzuri ya ƙare a Sudan, suka tsaya neman na gaba, tsayuwar ta zama zama. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kai jama'arsa bakin Shuɗin Nilu, garin da suka kafa har yau da sunansa ake kiransa. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, ƴan Afirka ta Yamma suka zama ma'aikatansu. Jikokinsu na can suna Hausa, da yawa sun san sunan garin kakansu, amma a garin babu wanda ya san su. Wannan ciwon rabuwa shi ne ke cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda uwa ta ratsa hamada tana neman ɗanta, ta faɗa hannun masu bautar da mutane, ba ta gan shi ba sai dab da ajalinta.

Ba Hausawa kaɗai ba ne. Lokacin babbar yunwar Ailan, daga 1845 zuwa 1852, kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan kuma suka tsallaka teku zuwa Amurka, Kanada, Ingila, wasu har Ostareliya. A ƙauyukansu, daren da saurayi ko budurwa za su tashi, dangi da maƙwabta kan taru su kwana tare da shi kamar yadda suke kwana da gawa, domin kowa ya san da wuya a sake haɗuwa. Abin da ya rage tsakaninsu shi ne wasiƙa. A ciki ake sako kuɗin hayar gona, ko tikitin jirgin ruwa na ƙane ko ƙanwa da za ta biyo baya, kuma a fili ake karanta ta ga duk wanda ya zo. Masanin tarihi Kerby Miller ya tattara dubbansu, suna ajiye yanzu a Jami'ar Galway. Mai karanta labarinsu daga Madarumfa zai gane komai: uwa na ƙorafin an daɗe ba a rubuto ba, ɗa na ba da uzurin rashin aiki, ƙane na roƙon a ɗauke shi, wani kuma na ƙawata zamansa fiye da yadda yake don kada a ce tafiyarsa ba ta yi riba ba.

A ƙasar Hausa, bayan wasiƙa sai kaset ya shigo. Tsohuwa za ta zauna gaban rikoda ta yi ta zuba gaisuwa da nasiha, ta lissafa wanda ya haihu da wanda ya rasu, a ba direba ya kai. Akwai kuma rediyo, irin Zaɓi Sonka na gidan rediyon Kaduna, inda jin an ambaci sunan mutum daga wani gari kan isa gida guda ya kwana da murna. Yau abin ya koma cikin aljihu. Jika ne ke riƙe salular, ya danna ya kara wa kakarsa a kunne: "Salamu alaikum Inna, ina wuni, ya ƙarfin jiki? Na turo jika goma, a karɓo a sayo miki magani, sauran a ba su Yaya na cefane." Ta sa a maimaita sau biyu, ba don ba ta ji kuɗin ba, tana auna muryar ne ta ji ko yana lafiya. Sannan ta ce a danna mata: "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Yaushe za ka zo?" Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ya fi jinkirin amsawa.

Kan tambayar ko ɗan biɗa ya sada zumunci ko ya yanke, amsa mafi adalci da malamai suka bayar ta fito daga bakin mutumin da ƴan ƙasar nan suka sani sarai, Alƙali Iyad, mai littafin Ashafa da ake karantawa a masallatai cikin azumi, wanda ya rasu a 1149. Imamun Nawawi ya kawo maganarsa a sharhin Sahihu Muslim. Abin da ta ƙunsa shi ne zumunci hawa-hawa ne, mafi ƙanƙantarsa barin gaba da yin magana ko da sallama ce, kuma yana bambanta gwargwadon ikon mai yi da buƙatar wanda ake yi wa. Wanda ya yi wani abu bai kai ƙarshe ba, ba za a kira shi mai yanke zumunci ba. Wanda kuma ya gaza abin da yake da iko a kai, wanda ya kamace shi, shi ma ba za a kira shi mai sada zumunci ba.

Wannan magana ta buɗe fili tsakanin suna biyu, kuma a cikin filin nan mafi yawan ƴan biɗa suke. Ta kwantar da hankalin wanda ke Sabaha ko Tamanrasat ba takardu, wanda in ya fito ba lalle ya iya komawa ba: muryarsa zumunci ce, Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba ta iyawa. Ta kuma tayar da hankalin wanda ke Kano, tafiyar yini ɗaya, yana da kuɗin mota, yana zuwa ɗaurin auren ƴaƴan abokan kasuwancinsa, amma ya mai da gida wurin da ake tura wa saƙo. Mizanin bai tsaya kan nawa aka turo ba. Yana tambaya ne me mutum ke iyawa, kuma me wancan yake buƙata. Tsohon da ke da hatsi a rumbu amma idonsa ya fara dushewa, ba jika goma yake buƙata ba.

Kada a ɗauka ana raina kuɗi. Wanda ya ga 2005 a jihar Maraɗi, shekarar da cibiyoyin kula da yara masu tamowa suka cika maƙil, ba zai raina kuɗin da ke shigowa daga waje ba. Gonakin gado sun tsattsage, gonar da ta ciyar da kaka da iyalinsa yau jikoki goma ke kallonta, hatsin gida da yawa ba ya kai su damina. Kuɗin ɗan biɗa ne ke cike ratar, shi ke sayen taki, shi ke biyan likita, shi ke fitar da budurwa ɗakinta. Alƙur'ani ya yabi masu tafiya a bayan ƙasa suna neman falalar Allah, ya ambace su a ƙarshen Suratul Muzzammil kusa da masu yaƙi don ɗaukaka addini. Hadisi kuma ya nuna sadakar da aka ba ɗan'uwa lada biyu gare ta, na sadaka da na zumunci, kuma da Abu Ɗalha ya so bayar da gonarsa ta Bairuha, Annabi (SAW) ya nuna masa danginsa. Sau da yawa fitar ma biyayya ce ga iyaye, su ne suka sa albarka suka ce a je.

Inda abin ya lalace shi ne inda kuɗi ya cinye sauran magana. A gidaje da yawa, salula ba ta ƙara sai da dalili, kuma dalilin ɗaya ne. Ɗan biɗa ya ga lambar gida gabansa ya faɗi, ya san bayan "ya aiki" akwai "dama". Suna, biki, rufin ɗaki, kuɗin makaranta, bashin wani kawu da bai taɓa tambayar a ina yake kwana ba. Shi kuwa yana tura ruwa a kura, ko yana gadi, ko yana yawo da tiren goro da tabarau a rana, suna kwana su takwas a shago ɗaya. Tun da darajar naira ta zube daga tsakiyar 2023, wanda ke aiki a Najeriya in ya canza abin da ya tara zuwa sefa sai ya ga ya ƙanƙance a hannunsa, amma buƙatun gida ba su ragu ba. Sai ya fara ƙin ɗaga waya. Daga nan ya canza lamba. A gida a ce ya yi arziki ya manta da mutane, alhali kunya ce ta ɓoye shi.

A nan fiƙihun da ake karantawa a zaurukan Maraɗi yana da abin cewa, kuma ba a cika faɗarsa ba. Risalar Ibn Abi Zaid ta iyakance ciyarwar da ta zama dole a kan mutum: matarsa, iyayensa in matalauta ne, da ƴaƴansa ƙanana. Abin da ya wuce nan, na wa da ƙane da kawu da ɗan gwaggo, alheri ne mai lada, amma ba bashi ba ne da za a tsine wa mutum a kansa. Wanda ya san wannan zai bayar da daɗin rai, in babu ya ce babu ba tare da ya gudu ba. Kuma zumunci ba a kan matafiyi kaɗai ya hau ba. Mutanen gida su ma ana binsu: su kira shi ranar da ba sa neman komai, su tambayi ciwon bayansa, su riƙe amanar abin da ya aiko. Labarin wanda ya shekara yana turo kuɗin gini, ana aika masa hoton katangar wani, ya dawo ya tarar da fili, ba a ƙauye ɗaya aka ji shi ba. Wanda ya ci wannan kuɗi ya yanke zumunci, ko da kullum shi ke fara zuwa gaisuwar mutuwa. Hadisin Bukhari ya bayyana cewa mai ramawa ba shi ne mai sada zumunci ba, sai wanda aka yanke masa ya sadar. In kowa na lissafin abin da ya zuba da abin da ya kwasa, abin ya zama adashi.

Akwai kuma ƙaryar da ake yi don ƙauna. Na waje ya ɗauki hoto jikin motar wani ya aiko, don Inna ta yi barci. Na gida su ɓoye masa cewa Baba ya kwanta, don kada hankalinsa ya tashi ya bar aiki. Kowa na kare kowa, a ƙarshe babu wanda ya san halin ɗan'uwansa, ƙannai kuma su ga hoto su ce su ma sai sun tafi. Magana ta yawaita fiye da kowane zamani, sanin juna ya ragu. Ra'ayin mai wannan rubutu shi ne zumuncin nesa ba ya tsayawa sai da gaskiya, domin buƙatar da Alƙali Iyad ya sa a mizani ba a auna ta in an ɓoye ta.

Duk da haka akwai mutum biyu da saƙo ba ya isar musu. Ta farko ita ce matar aure. An ruwaito Sayyidina Umar, yana zagayen dare a Madina, ya ji wata mata na kukan kewar mijinta da ke wurin yaƙi. Ya tambayi ƴarsa Hafsa iyakar abin da mace za ta iya jurewa, sannan ya sa wa mayaƙa wa'adin komawa gida, wata huɗu a wata ruwaya, shida a wata. Ya kuma rubuta wa shugabannin runduna game da mazan da suka bar matansu, cewa ko su aiko da ciyarwa ko su sake su. Mayaƙa ke nan, waɗanda uzurinsu ya fi na kowa. A mazhabar Malikiyya matar da aka bari ba ci ba sha tana da ikon kai ƙara a raba auren, wadda kuma mijinta ya ɓace ba labari, alƙali kan sa bincike, ya yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba ta wata huɗu da kwana goma. Waɗannan hukunce-hukunce ba tarihi ba ne a ƙasar da ƴaƴanta ke ratsa hamada. A yaƙin Libiya na 2011 ƴan Nijar masu ɗimbin yawa sun dawo hannu rabbana, wasu kuwa har yau babu wanda ya ji ɗuriyarsu. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya. Waɗanda aka ƙirga ke nan.

Amma mafi yawan matan da ke jira, mazansu ba ɓacewa suka yi ba. Suna raye, suna kira, wasu sun yi sabon aure a can. Ita tana gidan surukai, ita ce daka, ita ce ruwa, ita ce jinyar uwar miji, kuɗin da ake turowa ma ba hannunta yake shigowa ba, sai abin da wan miji ya ga dama. Ƙuruciyarta na tafiya, in ta yi magana a ce ba ta da haƙuri. Babu adadin kuɗin da ke biyan wannan haƙƙi. Miji ko ya zo, ko ya ɗauke ta, ko su yi yarjejeniya a fili kan wa'adin da ta yarda da shi da bakinta, ko ya sawwaƙe mata cikin mutunci. Barin ta a rataye zalunci ne, ko da mai yin sa ba ya rasa sahun farko a masallacin zango.

Na biyu iyaye ne in sun tsufa. Suratul Isra'i, da ta zo maganar kyautata musu, ta siffanta tsufan nasu da cewa a wurin ɗan ya same su, wato yana kusa, yana ganin rauninsu, har ana gargaɗinsa kada ya nuna ƙosawa. Abu Dawuda da Nasa'i sun kawo labarin mutumin da ya zo yin mubaya'a kan hijira ya baro iyayensa suna kuka, aka mai da shi ya je ya faranta musu kamar yadda ya sa su kuka. Uwaisul Ƙarani kuwa ya zauna a Yaman yana hidimar mahaifiyarsa, bai taɓa ganin Annabi (SAW) ba, amma Sahihu Muslim ya nuna an umurci Umar da kansa ya nemi Uwaisu ya roƙa masa gafara. Ko Annabi Yusuf, da ya aika wa mahaifinsa riga daga Masar, bai tsaya nan ba, cewa ya yi a taho masa da iyalin gaba ɗaya. Saƙon share fagen haɗuwa ne.

Abin da ya sa wannan ya fi gaggawa shi ne yadda Musulmi ke binne mamaci. In tsohuwa ta cika da asuba, kafin azahar an kai ta. Ɗanta na Abijan zai ga kira bayan kira, ya ɗaga ya ji muryar wansa: "Sai haƙuri, Inna lokaci ya yi." Ko a jirgin sama ya taso ba zai tarar da ita ba. Ba zai ɗauki makara ba, ba zai zuba ƙasa ba, kuma a mazhabar Malik ba a yin sallar gawa daga nesa, domin malamanta sun ɗauki wadda Annabi (SAW) ya yi wa Najashi a matsayin abin da ya keɓanta da shi, ko da yake Shafi'iyya da Hambaliyya sun halatta. Sai ya samu kuɗin motar da ya shekara bakwai yana cewa babu, ya zo sadakar bakwai ko ta arba'in, a nuna masa kabari. Mutane daga nesa suna takowa bakin tafkin Madarumfa don ziyarar kaburburan waliyyai 99 da garin ya shahara da su. Uwa mai rai ta fi cancantar a tako dominta.

Gaskiya ne wani lokaci ƙafar ce ake ɗaurewa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe iyakar da Nijar, ba ta buɗe ba sai Maris na 2024. A tsakani kuma ƴan bindiga sun sa hanyoyin Jibiya da dajin Babban Rafi sun zama abin tsoro, har wanda aka san ya dawo daga waje kan ji tsoron kwana a ƙauyensu. Waɗannan uzurori ne na gaske, kuma alhakin zumuntar da suka raba yana kan waɗanda suka jawo su. Amma tarihi ya nuna wani abu da ya kamata mazauna zango su riƙe. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙin da ba su da takardu sati biyu su fice, a Janairun 1983 Najeriya ta yi irin haka. Cikin waɗanda aka loda a manyan motoci akwai waɗanda a can aka haife su, aka sauke su a ƙasar da ba su taɓa gani ba, suna tambayar hanyar garin da sunansa kawai suka sani. Wanda ubansa ya saba kawo shi gida yana yaro ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Kawo ƴaƴa su ga kakanninsu, su kwana a ɗakin gwaggo, su san gonar gidansu, haƙƙin yaran ne kafin ya zama na tsofaffin.

Saboda haka wanda hanya ta tsare, ko takardu, ko babu, ya kira, ya faɗi gaskiyar halinsa, ya aiko da abin da ya sawwaƙa, ba mai yanke zumunci ba ne, kuma bai kamata a tsorata shi da ayar la'ana ba. Mai karatun da ke Kano ko Ikko ko Abijan kuwa, wanda yake da lafiya da kuɗin mota, mahaifiyarsa ko mahaifinsa na raye a Gabi ko Safo, matarsa na ƙirga shekaru a gidan surukai, turo kuɗi bai sauke masa nauyi ba. Ya sa ranar zuwa, ya faɗa musu ranar, ya kuma zo a ranar.